Rabin Labarin da Na Kai Bakin Rijiya

Cikin shekarun da na yi ina shaƙar alli, akwai rana guda da ta ƙi barina har yau: ranar da na sauka daga moto, wato babur, a bakin rijiya ina washe baki, na ce wa mutane an soke jarrabawa. Ku da kuka shigo aikin koyarwar nan daga baya kullum kuna tambayata ra'ayina, wai a bar sartifika ko a cire ta. Wallahi na gaji da tambayar nan. Bari in ba ku labarin sau ɗaya, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka.

Lokacin ina darakta, wato shugaban makaranta, a wata lakwal ta 'ya'yan makiyaya, arewa da Dakoro, ta wajen Azagor. Aji biyu ne na siminti da rumfa ɗaya ta zana, mu malamai uku, sai kantin inda ake dafa wa yara abinci. Ni ke riƙe da CM2, wato aji shida, na ƙarshe a ƙaramar lakwal. Ga wanda bai san tsarin ba, a da in yaro ya kai ƙarshen aji shida sai ya zauna jarrabawar sartifika wajen watan Yuni. Wanda ya ci ya wuce kwalej, wanda ya faɗi ya maimaita ko ya koma gida.

Ni kuwa na tsani jarrabawar nan, ban taɓa ɓoyewa ba. Kowace shekara mu loda yara bayan kamiyo, babbar motar kaya, mu kawo su Dakoro, wasu ba su taɓa ganin gari ba. A shimfiɗa musu tabarmi a ajin wata lakwal, da safe a zaunar da su gaban baƙon malami yana karanta musu dikte suna rubutawa, da muryar da ba su saba ji ba. Kuskure biyar, zero. Na ga yaron da ya fi kowa a ajina ya yi amai kan takardarsa don tsoro. Na ga wanda zazzaɓi ya kama ranar, shekara shida ta tafi a banza. Duk taron malamai da aka yi, in aka yi kuskuren ba ni magana, sai na ce wannan zalunci ne, a auna yaro da aikinsa na shekara, ba da kwana biyu ba. Har abokai suka sa mini suna Labo Sarkin Ƙorafi, ni kuwa ina amsawa.

Amma muna da wani tsari namu wanda ba ya cikin kowace takarda, mun gaje shi daga daraktocin da suka riga mu. Makiyayi ba ya zama wuri guda don lakwal. In ciyawa ta ƙare, wajen Janairu, dole ya kora dabbobinsa kudu, kuma yaron da ya kai aji shida ya isa kiwo, ana bukatar hannunsa. In ka ce sai an bar maka shi, uban zai ce to, washegari ka tarar da wurin zamansu fayau. Sai aka yi yarjejeniya: ka tafi da ɗanka, amma kwana arba'in kafin jarrabawa ka maido mini shi. Abin ma kwana arba'in kawai muke kiransa. In lokaci ya matso sai in zo kasuwar Dakoro in bar saƙo wurin dillalan dabbobi, saƙon ya bi baki har ya iske mai shi. Saboda haka uban da ke da ɗa a aji shida ba ya yin nisa, yana tsayawa inda saƙon kasuwa zai same shi. Yara su dawo, wani kan raƙumi, wani a motar kasuwa, su zauna a kantin, mu yi ta bita safe da yamma cikin zafin bazara. Wahala ce, amma tana aiki, kuma ban taɓa ganin uban da ya saɓa ba.

A shekarar da nake ba ku labari ina da wata ɗaliba, Raisha, 'yar wani Buzu mai suna Agali. Ba ta da surutu, in ka yi tambaya ba ta ɗaga hannu, sai ka duba allonta ka ga amsa tana can tun ɗazu. Lissafin da zan yi a tablo, babban allon aji, in tsaya ina ƙirga yatsu, ita ta gama. An sa ta lakwal a makare, don sai da na yi ta zarya wurin uban kafin ya yarda, saboda haka shekarunta sun riga sun kai iyakar da ake barin ɗalibi ya maimaita aji. Ma'ana, damarta ɗaya ce tak. In ba ta wuce kwalej a shekarar ba, karatu ya ƙare. Ta san haka, ni ma na sani. A kompozisiyon ta farko, wato gwajin ƙarshen zangon farko da muke yi a Disamba, ta samu takwas da rabi bisa goma.

Daf da hutun Disamba aka kira mu daraktoci taro a Dakoro. Insifekta, wato babban jami'in da ke duba lakwal-lakwal ɗin yankin, ya tashi ya ce daga bana babu sauran jarrabawar sartifika, za a riƙa duba aikin yaro na cikin shekara. Ya ce takardar da za ta yi bayanin yadda abin zai gudana tana nan tafe, mu jira ta. Kai, ku zo ku ga murna! Mutane suka yi ta juyowa suna miƙa mini hannu, wai Sarkin Ƙorafi ya ci nasara. Maganar jiran takarda kuwa ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan. Ban ko tsaya cin abinci ba, na hau moto.

Na iso bakin rijiyarmu wajen azahar, maza sun taru suna shayar da dabbobi. Ban wuce lakwal ba, nan na tsaya na kashe moto, na ce musu albishirinku, gwamnati ta soke jarrabawa, ba sauran loda yara a kamiyo, ba sauran kuka. Agali yana riƙe da igiyar guga. Ya miƙa wa ƙanensa, ya matso, ya gyara rawaninsa. Mutum ne mai auna magana kafin ya furta. Mushe yake kirana kamar kowa, wato malam.

"Mushe, to kwana arba'in fa?"

"Babu sauran kwana arba'in, Agali. Ka huta, ni ma na huta."

Ya sake tambayata ko na tabbata. Har na ji haushi, na ce mishi daga bakin insifekta na ji da kunnena, ko yana zaton na sha wani abu ne? Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi murmushi ya koma ga igiyarsa. Ban yi ƙarya ba, ku lura. Abin da aka faɗa mini na faɗa, sai dai na ƙara da abin da ba wanda ya faɗa mini.

Tsakiyar Janairu Agali ya tashi da iyalinsa. Raisha ta zo sallama, na ba ta kaye sabo da bik biyu, wato littafin rubutu da biro, na ce ta riƙa bita kada kanta ya yi tsatsa kafin kwalej. Ban ce mata ta dawo ranar kaza ba, don ban san akwai ranar ba.

Takardar ta iso cikin Fabrairu, wani malami ya riƙo mini ita daga gari. Na karanta a tsaye a bakin aji, na sake karantawa a zaune. Ga abin da ta ce: za a yi kompozisiyon uku, ɗaya a ƙarshen kowane zango, a haɗa makin a raba uku. Wanda ya kai biyar bisa goma ya wuce kwalej. Kowane darakta ya kai jerin makin ɗalibansa ofishin insifekta da zarar an gama kowace kompozisiyon. Wato maimakon rana ɗaya da makiyayi zai kiyaye, yanzu ranaku uku ne, biyu daga ciki kuwa sun faɗa daidai lokacin da ba ya nan.

Ɗalibaina huɗu ne suka tafi kiwo a shekarar. Ranar kasuwa na sauko Dakoro na bi dillalai ɗaya bayan ɗaya. Uku daga cikin iyayen saƙo ya same su, don ba su yi nisa ba, yaransu suka dawo kafin Maris. Agali kuwa shiru. Wani ya ce ya gan shi ya wuce Maradi, wani ya ce ai ya tsallaka iyaka. Lambar wayar ƙanensa da nake da ita na kira har na haddace muryar matar nan mai cewa ba a samun mai ita. Daga baya na gane dalili. Shekara da shekaru yana tsare kansa kusa saboda lakwal, dabbobinsa suna ramewa. Bana da darakta da kansa ya ce mishi ya huta, sai ya bi ciyawa har inda take.

Ƙarshen Maris muka yi kompozisiyon ta biyu. Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne na yi abin da har gobe ban san sunan da zan ba shi ba. Ni mutum ne mai son a yi aiki kan lokaci, ina alfahari da haka, ina ma yi wa wasu gori a kai. Ranar da muka gama gyaran takardu na cika jerin, gaban sunan Raisha na rubuta ba ta nan, na buga hatimi, washegari na kai ofis. Sakataren ya ce ni ne na farko. Na ji daɗi har raina! A watan Yuni ma haka na yi da ta uku: ba ta nan, hatimi, moto, ofis. Ina ce wa kaina ai gaskiya na rubuta, in ta dawo za a duba lamarinta.

Kwana takwas bayan kompozisiyon ta uku, da ruwan farko ya sauka, suka dawo. Raisha ta zo lakwal da kayen nan, ta cika shi fal har bayan bango, lissafi da jimloli, wasu shafukan sun sha hayaƙi. Ta ce ta zo ne ta ji yaushe za a fito da sunayen masu tafiya kwalej. Na ce ta dawo gobe da safe da bik ɗinta.

Na kira shugaban kwamitin iyayen yara da malamina ɗaya su zama shaidu. Na ɗauko tambayoyin kompozisiyon ta biyu da ta uku, waɗanda sauran yara suka yi, na zaunar da ita ita kaɗai a tsakiyar aji, kwana biyu. Ban sassauta mata ko kaɗan ba, dikte ma da gangan na karanta da sauri. Malamina ne ya gyara, ba ni ba. Ta samu takwas a ta biyu, tara a ta uku. Muka sa hannu mu uku, shugaban kwamiti ya dangwala yatsa.

A watan Yuli kwamitin da ke tantance masu wucewa kwalej ya zauna. Na zo da takarduna a cikin jaka. A farfajiyar ofis na tarar da wani abokina, Darakta Hamisu, wanda lakwal ɗinsa ma ta makiyaya ce, yana zaune a inuwa yana cika jerinsa guda uku a kan gwiwa, duka da bik ɗaya. Bai kai ko ɗaya ba tun farkon shekara, an yi ta aika mishi faɗa yana cewa motonsa ne ya lalace. Na tambaye shi yaransa da suka tafi kiwo fa? Ya ce ai ya san ƙoƙarin kowa, wanda ya san zai iya ya sa mishi abin da ya dace, wa zai je daji ya bincika? Da na ba shi labarina sai ya ajiye bik ya dube ni da tausayi, ya ce Labo, kai kuma wa ya aike ka da saurin kai takarda? Na so in zage shi, amma sai na ɗauki jakata na wuce.

Na shiga wurin insifekta na baje mishi komai. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka, dattijo ne da ya gaji kamar yadda na gaji yanzu. Ya duba takardun Raisha ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya kan lissafin yana gyaɗa kai. Sannan ya jawo babban rajista ya nuna mini. Inda duk aka rubuta ba ya nan, zero ake lissafawa, haka umurnin yake. Takwas da rabi a raba uku, bai kai ko uku ba. Kuma jerina biyu sun riga sun tafi babban ofis na Maradi tun tuni, tare da na sauran waɗanda suka kawo kan lokaci.

Na ce to a yi mata jarrabawa, a kira duk malamin da ake so, a zaunar da ita rana ɗaya a gani. Ni Labo, da bakina, ina roƙon a yi wa yarinya jarrabawar rana ɗaya. Ya ce ba shi da ikon ƙirƙiro jarrabawar da gwamnati ta soke, kuma in ya karɓi takardun da aka yi bayan lokaci daga hannuna, gobe kowane darakta zai zo da nasa. Nan fa na fusata. Na ɗaga murya har sakatare ya leƙo, na ce wanda ya yi ƙarya a gindin itace yaransa sun wuce, ni da na rubuta gaskiya an kashe mini yarinya. Ya bar ni na gama. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Mushe Labo, da ba ka kawo mini jerin ba tukuna, da ban ga komai ba. Amma ka kawo, da hatiminka a kai."

Ya ce in rubuta takardar roƙo zai sa hannu ya tura sama, kuma ya cika alkawari. Amsa ba ta zo ba sai bayan an buɗe lakwal da makonni, layi biyu, cewa ba a sake duba abin da kwamiti ya rufe. Maimaita aji kuwa shekaru sun hana.

Ban jira amsar ba kafin in je wurin Agali, don na san abin da za ta ƙunsa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ɗora shayi. Na yi mishi bayani tun daga taron Disamba har zuwa rajista, ban rage laifina ba. Na so ya yi mini faɗa, wallahi da ya zage ni da na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya zuba shayi ya miƙo mini, ya ce shi dai abin da na ce shi ya yi, da na ce ya tsaya kusa da ya tsaya, ko da rabin dabbobin za su mutu. Raisha tana tsaye daga gefe tana ji. Ta tambaye ni nawa ta samu a takardun nan biyu, na faɗa mata.

"To ai na ci, Mushe."

"Kin ci."

"Amma ba zan tafi ba."

"Ba za ki tafi ba."

Ta ce in ba ta takardunta in ba a bukatarsu. Na ciro na ba ta, ta naɗe ta shiga da su ciki.

Na ci gaba da aiki wasu shekaru kafin in ajiye. Mun gyara abin da za mu iya, muka riƙa faɗa wa iyaye ranaku ukun tun Oktoba, wasu suka kiyaye, wasu suka ce ba za su iya ba suka cire 'ya'yansu gaba ɗaya. Na daina ƙorafi a taro, har ana tambaya ko ba ni da lafiya. Da aka zo daga baya aka ce an maido da sartifika, ban yi murna ba, ban kuma yi baƙin ciki ba. Har yanzu ina ganin zalunci ne a auna yaro da kwana biyu. Amma na koyi cewa duk dokar da aka sauya a sama, mutane a ƙasa sun riga sun gina rayuwarsu a jikin tsohuwar ta hanyoyin da mai rubuta takarda bai taɓa jin labarinsu ba. Kuma a wurin makiyayi ba minista ne gwamnati ba, kai ne, malamin da ya sauka daga moto. Abin da ya fito bakinka shi ne doka, a kansa zai yanke inda zai kai iyalinsa.

Kwanakin baya na haɗu da Raisha a kasuwar Dakoro, tana sayar da cuku. Ita ta gane ni, ta tashi ta gaishe ni, ta ce in zauna. Ta ce tana da 'ya da ta isa shiga lakwal, ta ji a rediyo an sake sauya tsari, tana so ta ji daga bakina kafin ta sa ta. Na ce ai ba wani abu ba ne, an maido da jarrabawa, shi ke nan. Na yunƙura zan tashi.

"A'a, Mushe. Zauna ka faɗa mini duka."

Na koma na zauna. Na buɗe baki, sai na ga ban san duka ɗin ba: ko makin zango yana shiga lissafi, ko iyakar shekaru tana nan yadda take, ko me ake yi da yaron da ba ya nan. Kunya ta rufe ni. Na ce mata ban sani ba, ta ba ni mako guda.

Washegari na taka da ƙafata zuwa ofishin insifekta, wanda na rantse ba zan sake shiga ba, na roƙi wani matashin sakatare da bai san ni ba ya ara mini takardar sabon tsarin. Na zauna kan benci na kwafe ta da hannu, layi bayan layi, inda ban gane ba na tambaya. Ranar kasuwa na kai mata. Na fara karanta mata ina fassarawa, sai ta miƙo hannu ta karɓa, ta ce in bari, za ta karanta da kanta.